Fedar Hagu

Ran Talata aka kawo shi shagon Odile Faverjon
a Saint-Étienne, bayan tsohuwar tashar kwal.
Gatien ya sauke shi daga mota kamar mai sauke majinyaci.
Ya ce, "Na kakana ne.
Shekara arba'in yana rataye a ɗakin ciyawa.
So nake ya koma yadda ya fito."

Odile ba ta tanka ba.
Ta kifa keken, sirdi a ƙasa, tayoyi na kallon rufi,
ta ɗiga kananzir inda ƙarfen feda ke ratsa firam,
ta bi shi da tsohon buroshin haƙori
har lamba ta leƙo daga ƙarƙashin tsatsa:
huɗu, tara, sai wani tabo mai kamar kan tsuntsu.

Lamba ita kaɗai ba ta isa shaida ba.
Sai da ta tambayi walda a gaɓoɓi,
ta tambayi haƙoran noti, irin yankan da aka daina,
ta kankare fenti da farce,
baƙi a sama, ƙarƙashinsa kore,
ƙarƙashin koren shuɗi mai sanyi kamar ƙwan tsuntsun daji.
Sannan ta rubuta a allon bango da alli:
dubu ɗaya da ɗari tara da arba'in da tara,
ko shekarar da ta biyo.

Daga nan sai farauta.
Lahadi uku a kasuwar tsofaffin kaya ta Firminy,
hannu cikin bokitan ƙarafa, sanyi na cizon yatsu.
Wani tsoho a Roanne ya aiko hannuwan birki
naɗe a jaridar da ta girmi Gatien.
Madigadi ya zo, ya yi sabo da shekara goma,
ta mayar.
Ƙararrawa ta zo, muryarta ba ta zamanin ba ce,
ta mayar.
Sirdin fata ya sha mai kwana tara
kafin ya daina ƙugi.

Saura fedar hagu.

Ta dama lafiya lau, ƙarfe ne ɗan asali.
Ta hagu kuwa an ɗora mata guntun katako,
kaurin yatsa uku,
an ɗaure da ƙusoshin ƙofar kabad,
an lulluɓe da yankin tsohuwar taya.
Babu littafin da ya san wannan.
A aljihun teburinta kuma ga fedoji biyu na ainihi,
cikin takarda mai maiƙo,
shekara goma sha ɗaya suna jiran kekensu.

Ta ɗauki sifana. Ta ajiye.
Ta ɗauki waya.

Gatien ya yi shiru, can ya ce,
"Dutse ne ya faɗo masa a ramin kwal.
Ƙafar ta warke, amma ta gajarce.
Ni ɗingishinsa kawai na sani,
ban taɓa ganinsa a kan keke ba."

Ashe nan ne kaɗai Régis yake daidai,
daga ƙofar gida zuwa duk inda ya nufa,
ƙafa biyu suna zagaye ɗaya,
ba mai kallonsa da tausayi.

Ta mayar da fedojin aljihun tebur.
Katakon ta shafe shi da man itace,
ta ƙara wa ƙusa guda ƙarfi, ta bar sauran.

Ran Asabar Gatien ya hau.
Sarƙa na raɗa, sabon shuɗi na shan rana,
gwiwarsa ta hagu tana ɗagawa fiye da ta dama,
kafaɗa na karkata, tana dawowa, tana karkata.
Odile ta tsaya bakin shago da tsumma a hannu
tana kallon yaro mai lafiyayyun ƙafafu
yana ɗingishi har kwanar gidan burodi.