Rijiyar Ilu Mai Albasa

Ni na riƙa masa jaka
ranar da ya sauka Damagaram
a bayan raƙumi, ƙafafunsa a kumbure,
da littattafai goma sha ɗaya ɗaure da igiyar kaba.
Sunansa Ratinasami.
Bakinmu ya kasa, muka ce Ratina.
Bai yi fushi ba. Ya ce tun a garinsu
Faransawa suka fara gutsure masa suna.

Baƙi ne wuluk, ya fi ubana baƙi,
amma da kwat, da farin wuya mai sitati,
da takardar da ta ce shi ɗan Faransa ne.
A bariki, in an zo shan shayi,
kofinsa dabam ake ajiyewa.
A Birni kuwa tsofaffi su ce:
ga Baturen da ya ƙone a tukunya.
Haka ya zauna, jemage,
tsuntsaye ba su kira shi ba, ɓeraye ba su kira shi ba.

Ba ya cin nama, a garin mahauta da majema!
Shinkafa in an samu, tsamiya kullum,
barkono har sai hanci ya zuba.
Da dare yakan hau dutsen bayan gidansa
ya miƙa hannu wajen Gure:
"Tanimun, can teku yake."
Ni karan gero kawai nake gani.

Sai maganar rijiya ta taso.
Kakan Ilu Mai Albasa ya haƙa ta,
gaba goma sha bakwai cikin tsauri.
Kumandan ya ce dawakin soja suna jin ƙishi,
ya sa aka kewaye ta da waya.
Ilu ya tsallaka da gugansa,
aka kai shi kaso da gugan a wuya.

Kwana uku Ratina bai kwance takalmi ba.
Muka bi mai unguwa, muka bi mata masu tulu,
ina juya magana, yana rubutawa:
wa ya ga haƙar,
wa ya ci waina ranar da ruwa ya ɓullo,
akuyar wa ta faɗa ciki shekarar fara.
Wata tsohuwa, Ladiyo, ta ce: "Rubuta,
cibiyar ɗana tana binne a gindin kanyar nan."
Ya rubuta.

A ɗakin shari'a ya buɗe littafinsu,
ya karanta musu dokarsu da harshensu,
kuma ya fi su iya shi.
Ina fassara, gwiwata tana kaɗawa.
Kunnen alƙali ya yi ja kamar gauta.

An saki Ilu.
Takarda ta ce rijiya tasa ce.
Waya kuwa ba ta yi karatu ba,
ta zauna inda take shekara tara.
Ilu ya mutu yana sayen ruwa,
hukuncinsa a naɗe cikin bututun kara
rataye a saman ƙofa.

Kafin damina tangaraho ya zo:
kada a ƙara ganin Ratina a gaban alƙali.
Ya ɗauki tabarma ya koma kasuwar Zango
yana rubuta wa mutane ƙara, tamma ɗaya,
wanda ba shi da ita ya kawo tsamiya.
Kwat ɗin ya koɗe ya koma launin toka.
Shekara biyu, sai tari.
Aka ɗora shi a mota zuwa Kano,
daga nan ban san ƙasar da ta ci shi ba.

Littattafan, gara ta karance su tas.
Abin da ya rage mini ƙwaryar dodon koɗi ce,
fara, mai bakin hoda, ta bakin tekunsu.
Ya ce in sa a kunne.
Yau shekara hamsin ina sawa.
Jikokina sun ce teku ne, malaminsu ya faɗa.
Ni dai abin da nake ji
guga ne yake sauka, yake sauka,
bai taɓa ruwa ba har yanzu.