Kunun da Mura Ta Kama

Ranar Lahadi ce, babu lakwal,
rana ta hau duwatsun Birni ta yi zamanta,
ƙadangare ma ya laɓe bayan randa.
Ina bakin madafa ina tsince shinkafa
sai ga su ukun sun tsaya a kaina
kamar masu bin bashi.

Falmata ce babba, ita ke da baki:
"Gwaggo, mun gaji da galas ɗin leda,
ja ne ko rawaya, ɗanɗanon ɗaya.
Yau namu za mu yi, wanda ba a taɓa sha ba."
Na ce, ga madara ƙulli huɗu,
ga sukari, kada hannu ya zarce,
saura kuma ku da dabararku.

Tsahara ta ce tsamiya.
Aka jiƙa, aka tace, aka tuttula,
madara ta ɓata rai nan take,
ta tsinke, ruwa gefe, gudaji gefe.
Akuyar gidan ta sha walima,
ba ta ko ce an gode ba.

Ilu ya zazzage aljihun wandonsa:
goriba uku, ɗaya da shaidar haƙori.
Falmata ta kankare su da bakin wuƙa,
gari na zuba ja-ja a faifai.
Aka daka dabino, aka barbaɗa citta,
Ilu ya ce a sa ƙuli-ƙuli,
suka yi masa ca, ya fita yana ƙunƙuni,
ya dawo shiru, hannunsa a dunƙule.
Na gani. Ban ce komai ba.

An sa kwano a firijo ke nan,
ko murfin bai gama rufuwa ba,
kuran ya ɗauke.
Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya.
Tsahara ta buɗe baki za ta fara,
na ce, haɗiye kukan, ba shi cikin haɗin.

Dala ashirin na kwance a bakin zane,
Ilu ya ruga gidan mai sola,
ya dawo da ƙanƙara rungume a ƙirji,
rigarsa jagab, yana haki yana dariya.
Muka farfasa ta da taɓarya,
muka ɓantari kantun gishirin Bilma,
ƙaramin gwangwani cikin babba,
ƙanƙara da gishiri suka kewaye shi,
muka ɗaure murfi da tsohuwar roba.

Sai mirginawa.
Daga gindin dalbejiya zuwa ƙofar zaure,
ƙafa ta tura, ƙafa ta maido,
gwangwani na ƙara kamar amalanke,
kaji sun watse, maƙwabta sun leƙo.
Sau ɗari, in ji Falmata.
A sittin da bakwai lissafi ya ɓace,
aka koma ɗaya.

Ana kiran la'asar muka buɗe.
Launinsa launin katangar gidanmu,
gefe ya daskare, tsakiya na rawa.
Kaka Yagana aka fara miƙa wa.
Ta kai cokali baki, ta runtse ido,
ta dafe goshi da yatsu biyu,
tsakar gida ta yi tsit.

"Wannan ai kunu ne mura ta kama.
Kuma wa ya sa masa ƙuli-ƙuli?"
Ilu ya dubi sama yana ƙirga shirwa.
Ta miƙo cokalin: "To, a ƙaro."

Cokali huɗu, gwangwani ɗaya,
nawa rabon ɗan abin da ya maƙale a murfi.
An suɗe tas, Tsahara na lasar gwiwar hannu,
sai fanka ta motsa, kuran ya dawo,
ba wanda ya ko waiwaye shi.

Da dare Falmata ta ɗauko kayenta
za ta rubuta yadda aka yi.
Goriba nawa? Biyu da rabi.
Citta fa? Kowa da abin da ya tuna.
Ƙuli-ƙuli? Ilu ya dunƙule hannu,
ya ce, "Kamar haka,"
ta ɗora hannun a takarda ta zana shi.