Ba Biki, Ba Rasuwa

Shekara talatin da ɗaya da aurenmu,
ba mu taɓa shiga mota mu biyu ba
sai an mutu, ko an haihu.
Ran da Asumana ya ce mu tafi ganin ruwa
na ajiye ludayi, na ce, "Wa ya rasu?"
Ya ce, "Babu kowa, Hajo. Hutu ne."
Na juya kalmar a baki kamar ƙwallon goruba,
ban san ta inda ake cinta ba.

Motar aro ce, ta ƙanensa,
ƙofar gefena da igiya ake ɗaure ta.
Mun bar Tawa masu ƙosai ba su hura wuta ba.
A shinge jandarma ya leƙo: "Ina zuwa?"
"Yawo."
Ya dubi furfurarmu, ya sake duban takardu,
ya ɗaga sanda yana girgiza kai.

Bayan Tamaske taya ta fashe.
Na ce dama na faɗa. Ya ce me na faɗa?
Muka zauna kan duwatsun Adar,
kowa da dutsensa,
warin albasa na tasowa daga fadama,
har wani mai amalanke ya tsaya da jakinsa
ya yi mana aikin da gardama ta kasa.

Tafkin Keita ya ja baya, ya bar laka,
mutane sun bi sawunsa da tumatir.
Mun ci biredi da sardin a inuwar mota,
ba mu ce uffan ba.
Da dare, a ɗakin baƙi mai fanka ɗaya,
na ji yana kashe sauro a saitin kunnena
a hankali, don kada in farka.
Ban farka ba. Na bar shi.

Tabalak kuwa, ruwa ne har inda ido ya gaji.
Raƙuma na sha, wuyansu kamar guga,
mata na soya karfasa a bakin hanya,
mai ya ɗiga a rigarsa ta Juma'a, bai kula ba.
Wani yaro mai kwalekwale ya ce jikka biyu
zai kai mu tsibiri.
Asumana, da ya yi shekaru yana zana teku a allo
wa 'ya'yan mutane,
bai iya iyo ba.
Jirgin na karkata, ya damƙe hannuna.
Ni da na riƙe hannun rabin matan Tawa a ɗakin haihuwa,
sai na ga ban san wannan hannun da rana ba:
tabon nan na babban yatsa, yaushe?

Tsibirin bai kai filin gidanmu biyu ba.
Bagaruwa uku, kashin balbela, takalmi wari ɗaya.
Yaron ya ce, "Da bazara ai da ƙafa ake zuwa,
jakuna ma na kwana a nan.
Ruwa ne ke ara masa sunan."
Waya ta ɗauke. Ba jika, ba maƙwabci, ba mai naƙuda.
Muka zauna, wannan karon dutse ɗaya.
Ya ce tabon, wuƙar yankan ragon sunan Sahiya ce.
Ina ciki lokacin, ina jego.
Muka yi ta lissafin abin da kowa bai gani ba
har yaron ya fara buga jirgi da sanda.

Ran da muka dawo, Inna Kulu ta leƙo ta katanga,
ta ga kwana uku ƙofa a rufe,
ta sassauta murya: "Ya ƙarin haƙuri?"
Asumana ya dube ni.
Yashin tafki na cikin takalmina, ban kakkaɓe ba.
Na ce, "Da godiya, Inna."