Sunan da Kaka Ke Kirana

Kamfanin waya ya ba ni ɗan farin akwati
mai kunnuwa biyu kamar zomo.
Na kai shi ɗaki, ido ja.
Zaure ma, ja.
Sai bisa firjin Barira, daf da tagar gabas,
ya lumshe, ya buɗe kore.

Sunansa lambobi ne, ba daɗin kira.
Na raɗa masa Rafindadi,
ba rago, ba goro.
Kalmar sirri kuwa, na yi ta tutiya a majalisa:
sunan da Kaka ke kirana,
an shekara talatin ba a furta ba.

Da la'asar samari shida sun jingina da katangata,
kowa ya duƙufa kan wayarsa.

Na manta Goggo Dije ce ta goye ni,
kuma jikokinta shida ne.