Eriya a Rufin A-kori-kurar Baba

Asabar ce a Saskatchewan,
sanyin da ƙarfe ke cizon yatsa.
Na farke kwalin a kan buhun alkama:
wani ɗan baƙin abu, bai kai ƙwan kaza ba,
maganaɗisu a gindinsa,
da waya siririya, ƙafa ashirin, ta nannaɗe kamar taliya.

Baba Ostap ya auna shi a tafin hannu.
"Halyna, wannan ne zai kamo mana sama?
Farantin bayan gidan Wendell ya fi ƙofa faɗi,
shi ma sai an lallashe shi."
Na ce, Baba, kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce.
Ya ce, to, mu ga ɗinki.

Na taka taya, na goge rufin da tsumma
har tsohon koren fenti ya leƙo.
Takarda ta ce a nisanta shi da baki,
kada wani abu ya shiga tsakaninsa da sararin sama.
Ban gama karantawa ba ya kuɓuce mini,
ƙwap! ya zaɓi wurinsa da kansa.

Sai wahalar waya.
Robar gilashi ta ƙage, shekara ashirin ba a taɓa ta ba.
Sukudireba zai yaga ta,
sai Baba ya miƙo wuƙar man shanu daga kicin.
Ina ɗagawa, ina cusawa, taƙi bayan taƙi,
ta gefen ƙofa, ta bayan kujera,
shi kuma yana haska tocila inda ba na aiki.

Da na ɗaga kafet a ɓangaren fasinja
sai ga ɓawon 'ya'yan kabewa, fil ɗin gashi,
da 'yar takarda da danshi ya ci rabinta:
gishiri, jan zare, maganin Ostap.
Rubutun Mama ne, mai jingina hagu.

Tocila ta tsaya cak.
A karon farko yau ta haska daidai.

Hanyar asibiti kilomita ɗari da goma ce.
Bayan rumbun hatsi na uku kowace tasha ke mutuwa,
sai shuuu, kamar ana soya iska.
Da can ba wanda ya lura:
daga nan Mama ke karɓar shiri,
wa ya sayar da gona, wa ya ƙona miya.
Shekara huɗu ke nan yana bin hanyar shi kaɗai.

Na jona, na kunna.
Allo ya ce yana nema. Ya yi ta nema.
Baba ya nuna kwanon gareji da haɓa:
"Kin rufe shi a ɗaki kin ce ya ga tauraro?"
Muka ja baya cikin dusar ƙanƙara.

Kwatsam wani mutum, daga wani birni mai zafi can kudu,
yana kukan cunkoson motoci.
Baba ya dubi titinmu:
ba kowa sai wata dila tana tsallakawa a tsanake.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Muka fita gwaji.
Rumbu na ɗaya, na biyu, na uku,
murya ba ta ko girgiza ba.
A ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa ta ɗauke, numfashi guda,
na ga hannunsa ya matse sitiyari,
sai ta dawo a tsakiyar kalma.

Can ya miƙa yatsa ya rage sauti.
"Jan zaren nan," in ji shi,
"rigar bikinki take son ƙarasawa."
Ya fara daga nan, bai tsaya ba har gida.

Ragowar wayar, ƙafa shida, tana naɗe a ƙarƙashin kujera.
Na manta ban ɗaure ta ba.