Ba a Auna Inji da Zafinsa

Ƙarfe bakwai na yamma Fidencio ya gangaro da farar bitil,
tasi mai lamba arba'in da ɗaya,
wadda ta wuni tana hawan tuddan Taxco kamar akuya.
Ya murɗe makulli. Shiru.
To, amma shirun inji ba shiru ba ne.

Kas. Kas. Kas-kas.
Ƙarfen da zafi ya kumbura yana komawa cikin rigarsa,
salansa na miƙa, fistan na sauke ajiyar zuciya,
baƙin mai na silalowa ƙasa
ɗigo bayan ɗigo, kamar mai sauka daga bene da dare.

Ya ce, "Eulalia, duba min bawul yanzu, gobe akwai baƙi."
Na ce, "Sai da safe."
Ya ce, "Minti goma ne fa."
Na ce, "Je ka sha kofi, ka gaishe da Leocadia."

Haka Nicanor, ubana, yake korar direbobi
daga wannan gareji mai yoyo ta kusurwar gabas.
Yakan ce, inji mai zafi maƙaryaci ne,
ki tambaye shi da dare, ya ba ki amsar rana.
Bar shi ya kwana. Mai fushi ma sai ya huce ake jin gaskiyarsa.

Bawul takwas ne a cikinta,
kuma ba su taɓa rufuwa duka a lokaci ɗaya ba.
Duk inda inji ya tsaya, nan ya tsaya:
wasu sun zauna daram a kujerunsu,
wani an bar shi baki buɗe, maganarsa rabi a waje,
sifirin ɗinsa a danne har gari ya waye,
iskar dutse mai laima na shiga masa ba sallama.

Da asuba na kwanta a ƙasan motar, kwali a bayana.
Na ɓalle marfi, na juya puli da hannu.
Siririn ma'aunin Baba, wanda yatsansa ya cinye wa lamba,
na zura shi a tsakani.
Ratar ba ta kai kaurin takarda biyu ba,
amma ran inji a cikinta yake.
In ta yi faɗi, surutu.
In ta matse, bawul ba zai zauna ba,
kuma sai ya zauna yake miƙa wa kujera zafinsa.
Wanda bai zauna ba, ƙonewa yake yi a tsaye.

Na uku ne ya matse. Kullum na uku.

Baba ma bai iya zama ba.
Shekara hamsin, sifana a aljihun baya,
abincin rana a tsaye, bisa bonet.
Ran da ya faɗi, yana tsakiyar ce min,
"Miƙo min..."
Har yau ban san me zan miƙo ba.

Tasa motar tana can ciki, shuɗiya, ƙarƙashin tamfol.
Wata tara ban iya taɓa ta ba.
Da na buɗe, sai na tarar da tsatsa
ta yi wa bawul ɗaya jan kwalli,
shi ne wanda aka bari a buɗe,
yana jiran juyin da bai zo ba.

Yanzu duk Lahadi, kafin ƙararrawar Santa Prisca,
nakan ɗaga tamfol, in kama puli,
in juya kaɗan, rabin zagaye,
wanda ya gaji da buɗe baki ya rufe,
wani ya karɓi jiran.

Fidencio ya dawo da burodi mai ɗumi a takarda.
Ya tada inji, ya karkata kunne.
Ya ce, "Nawa?"
Na ce, "Kawo burodin tukuna."