Kuɗin Riɗi

Shekarar da riɗi ya yi daraja a Gujungu,
Ilu ya ƙirga kuɗin sau uku a kan tabarma,
ya ce, "Barmani, gobe ba gona.
Yaran nan su ga Kano da idonsu,
ba a bakin 'yan cirani ba."

Tun kafin assalatu na ƙulle dambu a ɗankwali,
na bar wa Kande amanar tumaki.
Baba Nomau, da ya rantse ba inda za shi,
sai ga shi a gaban mota, ya riga kowa,
da hular da ya ajiye tun ɗaurin aurenmu.

Yankaba ta haɗiye mu ba ta tauna ba.
Na gai da mutum bakwai,
biyu suka amsa,
ɗaya a cikinsu ma da waya yake magana.

Mai Adaidaita ya hau da mu gadar sama.
Na damƙe ƙarfe, na kama salati.
Baba ya leƙa ƙasa, ya daɗe,
ya ce, "To, ina kogin?"

Jar fitila ta tsai da mota ɗari,
ba sanda, ba tsawa.
Ilu ya ce, "Ni 'ya'ya uku sun gagare ni."

A gidan namun daji Ladidi ta ɓuya a zanena,
ta ce raƙumin dawa yana kallon cikin kanta.
Baba kuwa gun kura ya toge.
Yana yaro irinta ta ɗauke masa akuya,
shekara sittin yana riƙe da maganar.
Yau ga ta, haƙarƙari a waje,
tana kai da komo a ɗaki ɗaya.
Na zaci zai yi mata dariya.
Sai ya gyara hula,
ya ce, "Sannu, baiwar Allah,"
ya juya mana baya.

Mun ci dambunmu a gindin darbejiya.
Ruwa da kuɗi, inuwa saura kaɗan,
har kama ruwa sai da na kwance bakin zane.

Da la'asar muka hau Dala.
Gwiwata ta ƙirga matakalar, ni na manta.
Kwano, kwano, kwano, har inda ido ya gaji,
kiran salla daga kowace kusurwa
yana karo da ɗan'uwansa.
Gambo ya sa hannu a goshi, ya duba gabas:
"Inna, ban ga rimin gidanmu ba."
Na ce yana nan.
Sai na ji ni ma ina nemansa.

Mun iso Majiya dare ya raba,
auta na barci da takalmi ɗaya,
ɗayan mun bar wa Kano tukuici.
Kande ta ce, "Yaya birni?"
Na ce, "Bari in sha ruwan randata tukuna."

Da safe na iske Gambo a bayan rumbu,
ya kwaɓa laka, ya jera karan dawa,
ya gina gada, ba kogi.
Tururuwa na bi ta sama,
buzuzu na bi ta ƙasa,
Baba na tsugune da sandarsa
yana korar akuya kada ta taka.